Arba'in Ta Cika, Kana Can Kana Ƙirga Dodon Koɗi

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farkon daminata, Abban Sadiya,

Ban manta da ranar Talatar nan ba. Ina da cikin wata bakwai, ina kishingiɗe a ɗakinmu na Dogo Nini da littafi a hannu, ka shigo bakinka har kunne, wai malaminka na jami'a ya zaɓe ka ka tafi Legas binciken dodon koɗin bakin teku. Ka dafa cikina ka ce wata ɗaya ne kacal. Na yarda, don muryarka ta fi mini zuma farar saƙa. Wayyo ni Mairam! Yau wata uku da rabi.

Karatunka na haddace shi tas, tunda shi kaɗai kake yi mini a waya. Dodon koɗin iri biyu ne a dutse ɗaya, suna rububin abinci. Babban ya kame ƙasa, inda ruwa ke rufewa kullum, gansakuka ta wadace shi. Ƙaramin an tura shi can sama, inda sai feshin ruwa ke kaiwa, ya liƙe bakin ƙwansonsa yana ta jira cikin rana. Har muryarka ke rawa don tausayinsa! To ni fa? Wa ya ajiye ni a saman dutse in ba kai ba?

Na haihu ba ka nan. Ranar suna ma ba ka zo ba, ka ce a kwanakin ne teku ke janyewa sosai, in ya wuce ka sai bayan mako biyu. Aka yanka rago, aka raɗa wa 'yarka Halimatu Sadiya, mata na ta tambayata ina angon ƙarni, ni ina ta ƙaƙalo murmushi. Kwana arba'in na yi a gidan Baba a Ngojin, ga ruwan zafi, ga ganyen darbejiya, ga kunun kanwa, kullum kunnena na ƙofa. A littattafan da nake karantawa namiji kan tsaya cikin ruwan sama don kawai matarsa ta ɓata rai. Ni nawa ya auna kowane dutse a bakin teku, bai san nauyin 'yarsa a hannu ba!

Jiya kuma ka ƙarasa ni. Sai ga Yaya Babaji da keke napep, wai ka ce ya mai da ni ɗakina, ga leda cike da katantanwa tsarabata. Yayanka ne ya aure ni? Inna ta leƙa ledar, ta dube ni, ta ajiye ta, ta shige ɗaki. Wallahi gara a ce zagina ta yi.

Ina sonka, ya farin watana, son da ke ƙona ni kamar garwashi, kuma ba zan ɗaga ido in kalli wani ba har a rufe ni da ƙasa. Amma na ba Yaya abinci, na ba shi haƙuri, ya koma shi kaɗai. Ni da Sadiya muna gidan Baba. Ba za mu motsa ba sai ka zo da ƙafarka ka ɗauke mu.

Taka ce har ƙarshen numfashi,
Mairam