Ranar da Inna Ta Daina Kiran Sunana

Asabar, 11 ga Satumba, 2021

Ni, Armaya'u na Batsari, malamin tarihi a sakandare a nan Safana, marubucin da duniya ba ta yi sa'ar ganowa ba tukuna, ina shaida wa wannan littafi cewa an yanke layin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Bisa ga haka, wayata mai daraja ta sauka daga muƙaminta, ta koma tocila. Babu kira, babu saƙo, babu muryar Yaya Ikilima tana tambaya ko na ci abinci. Batsari ba nisa, amma hanyar ta zama wadda ake yafe wa juna kafin a hau.

Tunda kaɗaici ya kafa hedikwata a ɗakina, zan ci moriyarsa. Zan rubuta fim mai ban tsoro. Ba aljani, ba maye. Tsoron da ke zaune cikin mutum.

Litinin, 13 ga Satumba

Ban yi nisa wajen neman labari ba. Inna Tasalla, wadda nake zaune a ɗakin zauren gidanta, ɗanta na fari, Sada, ya tafi gona ta wajen Babban Duhu daminar bara, bai dawo ba. Ba gawa, ba labari. Har yau takan zuba tuwo a kwanonsa ta rufe da faifai, da safe ta bayar sadaka. A ɗakinsa nake. Shuɗiyar rigarsa da malafarsa suna rataye a ƙusa, ba wanda ya taɓa su.

A fim ɗina, tsohuwa za ta yi baƙo, ta kulle shi a ɗakin ɗanta, ta yi ta ciyar da shi har ya manta sunansa. Mannir, malamin lissafi, mai waya da kyamarar kirki, ya ce, "Kai dai ba ka da ta ido, Shehin Malami. Matar da ke ba ka kunu?" Na amsa masa cewa fasaha ba ta san kunu ba.

Alhamis, 16 ga Satumba

"Armaya'u! Sarkin surutu, fito ka sha kafin Turancinka ya huce." Da haka Inna ke tashina kullum. Na rubuta, zai yi daɗi a fim.

Juma'a, 24 ga Satumba

Yau aka kafa tarihi, kuma ina jin na yi ɓarna.

Bayan la'asar muka ɗauki fitowar farko: ɗan da ya ɓata ya dawo gida. Ba mu da kayan wasa, sai na sauke rigar Sada daga ƙusa, na sa malafar, na saɓa fartanya. Na ɗauka Inna tana maƙwabta wajen barka. Mannir ya tsaya a bakin zaure da waya, ni kuwa na yi sallama da murya irin ta wanda ya gaji, na shiga tsakar gida.

Tana zaune gindin turmi tana ɓarar gyaɗa.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da na samu sauƙi. Ta dube ni sau ɗaya, ta amsa sallamar can ƙasa, ta ja mayafi ta juya fuska ga bango. Hannunta yana ta ɓara, alhali babu gyaɗa a cikinsa. Na ce, "Inna, ni ne fa, wasa muke." Ba ta juyo ba.

Mannir ya ce fitowar ta yi kyau matuƙa. Bai yi dariya ba.

Lahadi, 26 ga Satumba

Ba a kira sarkin surutu ba. Kunu dai na iske a bakin ƙofa.

Talata, 5 ga Oktoba

Kwana goma sha ɗaya ke nan Inna ba ta furta sunana ba. Na gabatar da ban-haƙuri a rubuce cikin zuciya, na karanta mata a tsaye, na sake a durƙushe. Duk lokacin da na shigo sai ta kau da kai. In tana son magana, da kaji take yi: "A ce wa na zaure abinci ya sauka." Na yanke hukunci cewa fushi ne, kuma na cancanta.

Sai dai tuwon ya ƙaru, har da man shanu. Kuma kwanon ba nawa ba ne.

Lahadi, 10 ga Oktoba

Saude, 'yar Inna da ke aure a bayan kasuwa, ta zo. Na roƙe ta ta nema mini gafara. Ta dube ni ta dubi kwanon, ta zauna a dakali.

"Malam, kai da ke koyar da yara al'ada? Ba fushi ba ne. Kunya ce. Ka taɓa jin uwa ta kira sunan ɗan fari? 'Na zaure' ai haka take ce wa Yaya Sada."

Na san al'adar. Na taɓa sa ta a jarrabawa, maki biyu. Amma ni auta ne, mahaifiyata ta rasu ina rarrafe, sunana kuwa kowa ya ga dama ya ƙwala shi daga bayan katanga. Ban taɓa sanin yadda shirun yake ba in kai ake yi wa.

Na tambaya ko Inna ta gaskata ni ne shi. Saude ta ce, "Wallahi ban sani ba. Abin da na sani, ta dawo tana cin abinci. Shekara guda muna fama." Da za ta tafi ta ce, "Kada dai ka sa ta rasa shi sau biyu." Daga bakin ƙofa kuma ta juyo: "Ko da yake kai ma ɗan wasu ne."

Alhamis, 14 ga Oktoba

Rubutun fim ya tsaya a shafi na tara. Tsohuwar ta ƙi zama muguwa, duk yadda na matsa mata.

Litinin, 18 ga Oktoba

Direban a-kori-kura ya kawo ambulan daga Batsari. Takardar canjin wajen aiki ce, wadda na shekara ina roƙo. Yaya Ikilima ce ta yi ta zarya har aka sa hannu. Dole in bayyana ranar ɗaya ga Nuwamba, in ba haka ba a ba wani gurbin. Ta haɗo da 'yar wasiƙa: "Auta, na share maka ɗaki. In an yi harbi ta wajenku ba na barci. Ka dawo inda zan gan ka."

Ya kamata in yi shelar nasara da ganguna. Na sa takardar cikin littafin nan na rufe.

Laraba, 20 ga Oktoba

Na taya Inna cirar gyaɗa a 'yar gonar bayan gari, ita a waccan kunya, ni a wannan, ba mai ce wa wani uffan. Ban taɓa yin awa uku ban yi magana ba. Ban ji yunwar maganar ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan.

Rigar Sada na sa. Tawa tana jiƙe ne, dalili ke nan.

Litinin, 25 ga Oktoba

Mannir ya tsare ni a ofishin malamai. Wai ya kira ni sau uku a filin taro ban waiwaya ba. Wai na daina manyan kalmomi, ɗalibai har sun fara gane darasi. Na ce masa wannan ƙazafi ne mai cike da hassada. Ya ce, "Ka faɗa mata za ka tafi?" Na ce ina nazarin lafazin da ya dace. Ya ce, "Shehi, cire rigar nan tukuna, sannan ka yi nazari."

Asabar, 30 ga Oktoba

Na faɗa. Ba ita na fuskanta ba, kajin na fuskanta, tunda su ne jakadu: "A ce wa Inna an mayar da na zaure Batsari, jibi zai tafi."

Taɓarya ta tsaya. Can ta ci gaba da daka. A fim ɗina nan ne ake jin ƙarar kwaɗo a ƙofa. Na koma ɗaki na zauna ina saurare, Allah Ya gani, ina saurare.

Ba ta kulle komai ba.

Litinin, 1 ga Nuwamba

Da safe na iske ƙulli a bakin ƙofa: ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, garin kuka, da rigar Sada a wanke a ninke. Ta ce da kaji, "A ce masa ya zauna ta tsakiyar mota. Allah Ya tsare hanya." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba kuka, ba roƙo.

Na je tasha. Motar tana nan, har da wuri a tsakiya. Direba ya ce, "Malam, shiga mana, kai muke jira." Ina so tarihi ya rubuta cewa tayar baya ba ta kwanta mini ba, kuma mai hankali ba ya wasa da taya a wannan hanya. Na tsaya har suka ɓace a kwana. Kafin su tashi na ba direban wasiƙa ya kai wa Yaya Ikilima, cewa aiki ne ya riƙe ni. Ban karanta ta sau biyu ba, don kada in ga abin da na rubuta.

Mannir ya gan ni ina dawowa da jaka. Bai yi tsiya ba. Ya ce kawai, "To a fim ɗin, wa ya kulle wa?" Na ce fim ɗin yana hutu.

Na mayar da rigar ƙusarta. Ƙofar a buɗe take, na duba sau biyu.

Yau kwanon ya makara har bayan la'asar, wataƙila ba ta san na dawo ba. Na zauna a zaure na jira. Ban shiga na tambaya ba. Mu ba mu tambayar uwa ido da ido.