Mai Fito Bai Ce Komai Ba

Talata, 17 ga Satumba, 2024

An koma makaranta, an koma zirga-zirga. Birnin Kebbi zuwa Argungu kullum, a cusa mu a mota kamar buhunan albasa. Malam Atiku, shugaban makarantarmu, ya yarda da ƙyar in riƙa zaman tattaunawa da 'yan aji biyar ranar Alhamis: su karanta abu, su zauna da'ira, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Zango ɗaya ya ba ni. "In ban ga amfani nai ba, Malama Sa'ida, a koma ga kwafar darasi daga allo." Na ce to. Ni da nake neman a mai da ni Birnin Kebbi in huta, ban san me ya kai ni nacewa ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

Littattafai babu, sai na rubuta ɗan labari da kaina na kai aka buga, ban sa sunana ba. Wani mai fito ne lokacin cikar gulbi, jirginsa ya cika da mutane, aka kawo masa tsoho marar lafiya, ya tura jirgi ya bar shi a bakin ruwa. Tsohon bai kwana ba. Ina son labarin, gaskiya.

Na rubuta dokoki a allo: a saurari mai magana, a kawo hujja daga labarin, ba zagi, ba tsokana. Na tambaye su ko mai fito ya yi laifi. Rabi'u, monitan ajin, ɗan limami ne kuma ya girme su duka, ya ce ya yi zalunci. Sauran suka ce haka ne. Na ce ba mai wani ra'ayi? Suka kalli takalmansu.

Alhamis, 26 ga Satumba

Haka ne, Malama. Awo, Malama. Kaina ciwo yake.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Yau na kori yarinya daga aji.

Wani yaro Aminullahi ne ya maimaita maganar Rabi'u, ya ƙara da cewa mai fito mugu ne. Sai Kulsumi, wata 'yar siririya da ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗago daga gefen mata: "Kai bawana, ruhe baki, mi kas sani? Kai da ko jirgi ka shiga sai ka yi amai. Jirgi ya cika, shi ɗauke shi su nutse duka?" Aji ya kwashe da dariya, har shi Aminullahin.

Raina ya ɓaci. Bawa, a gabana, ga doka a allo? Na ce ta fita. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta gane ba, sannan ta ja hijabi ta fita. Dariyar ta mutu nan take.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Kulsumi ta zo, ta zauna, ba ta buɗe baki ba. Aminullahi ma ya daina. Malam Atiku ya leƙo ta taga, ya ga mutane zaune da'ira shiru kamar gidan makoki, ya wuce.

Juma'a, 18 ga Oktoba

A ɗakin malamai na ba Malama Sharifa labari, don ita 'yar garin ce. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Taubasai na hwa. Uban Aminullahi wan uwatta ne. Tun suna rarrafe suke hakanga." Ta ce in dai ba taubashi ba, wace yarinya ce za ta ce wa namiji ƙarya kake a gaban mutane, balle bayan ɗan limami ya riga ya yanke magana?

Na ce ni ma ai Bakaba ce, 'yar ƙasar Kebbi, na san wasan taubasai. Ta ce to da kin sani kika kore ta? 

Lahadi, 20 ga Oktoba

Wanki, guga, tuwon yara. Ina cikin wanke-wanke na tuna Dankure na garin Gulma, taubashina ɗan kawuna. Duk danginmu shi kaɗai ke ce mini rowa ta yi mini yawa, kuma shi kaɗai nake gaya wa gaskiya ba na jin kunya. Watau hanya ɗaya da yaran nan suka gada ta cewa a'a ba tare da an ce sun yi rashin kunya ba, ita na hana da alli tun ranar farko.

Na gaji. Ko in bar wa Malam Atiku Alhamis ɗinsa kowa ya huta.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na goge "ba tsokana". Na ce taubasai su tsokani juna son ransu, amma kowace tsokana ta zo da layi daga cikin labarin. Na ce wa Kulsumi a gabansu korar da na yi mata ba daidai ba ce. Maganar ta yi mini nauyi a baki. Ta ce, "Ba komi, Malama." Ba ta ƙara ko kalma ba har aka buga ƙararrawa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ashe ba Kulsumi da Aminullahi kaɗai ba ne taubasai a ajin. An yi hayaniya a kan wani sabon labari, rabi shirme, amma na ji wani yana cewa "nuna min inda aka rubuta haka." Rabi'u ya kumbura. Kulsumi dai shiru.

Motarmu ta lalace a hanya, a bakin titi na yi la'asar.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Malam Atiku ya zo da kujerarsa ya zauna a baya. Na ce mu koma kan mai fito, na faɗa musu ni ma ina ganin ya yi laifi. Aminullahi, Allah ya yi masa albarka, da gangan ya juya gefen mata: "Baiwata ta yi laushi, ta yarda mugu ne." Na ga Kulsumi ta cije leɓe. Sai ta miƙe, amma ba shi ta kalla ba, ni ta kalla.

"Malama, ke ba taubashiyata ba ce, ki yi haƙuri. Ke ma kin ce ya yi laihi, ni ban yarda ba. Wanda ya rubuta labarin ga bai yi ma mai hito adalci ba. Ɗiyan tsoho sun yi magana, mutanen gari sun yi magana, shi ko kalma guda ba a bari ya ce ba. Ƙaƙa za mu yanke mai hukunci ba mu ji nashi ba?"

 Ba wanda ya san ni na rubuta. Saura kaɗan in ce mata zauna. Na ce a duba takardar. Suka bi layi-layi da yatsa, har Malam Atiku ya karɓi ta wani yana dubawa. Rabi'u ne ya ɗago ya ce, "Gaskiya tata, bai ce komi ba. Amma ni har yanzu ina ganin da sai shi sauke wani mai lahiya." Kulsumi ta ce, "To wannan magana ce," suka ci gaba, ni ina tsaye ba wanda ya nemi bakina.

Malam Atiku ya ɗauki kujerarsa. A bakin ƙofa ya ce hayaniyar ta yi yawa, zango mai zuwa mu koma ƙarƙashin darbejiya kada mu dami sauran azuzuwa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Har yanzu haushin yarinyar nan nake ji. Labarin ba shi da wani aibu, ita ce dai da baki.

Mutumin da ke bi mini maganar canjin wurin aiki ya kira, ban ɗauka ba, hannuna da kumfa. Zan kira shi wani satin.

Tun safe nake zaune da takardar, tuwo har ya kama. Na buɗe wa mai fito baki, kuma abin da yake faɗa bai yi mini daɗi ba. Wannan karon na sa sunana a ƙasa.