Na Gyara Bakin Mama a Hoto

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, na jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina, kuma ba wanda zan iya faɗa wa a gidanmu.

Bara mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki. Alhamdu lillahi ta miƙe, sai dai bakinta ya ɗan karkace ta hagu. Tun daga nan, ko waya aka ɗaga a falo sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Da yayanmu ya zo hutu, da kyar da lallashi muka kai ta shagon wani mai hoto a ɗauke mu gaba ɗaya. Mutumin kirki ne wallahi, har fitilar nan mai lema ya rage don kada ta dame ta. Kafin ya fara ya gaya mana ƙa'idarsa: zai gyara haske da launi, amma ba ya sauya halittar mutum sai mai fuskar ya nema da bakinsa, kuma bai yarda a taɓa hotonsa a yaɗa da tambarinsa a jiki ba. Ni uwar rawar kai, ni na fara cewa mun amince.

Da hotunan suka zo na tsaya kallon bakin Mama, zuciyata ta karye. Na buɗe manhajar gyaran fuska a wayata, na miƙar da shi tsaf, na tura zauren dangi na waya, ban ko tuna da tambarin ba. Anti, Mama ta yi murnar da na manta rabon da in gani. Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa, tana cewa ashe madubin ɗakinta ne ke mata sharri.

To, ƙannen babanmu mata sun ɗunguma shagon, wai su ma a rage musu tumbi da shekaru. A wayar ɗaya daga cikinsu mai shagon ya ga hoton. Ya kira ni, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya ce in goge shi daga zauren, in kuma shaida wa dangi ba aikinsa ba ne, don yanzu masu zuwa shagon suna ɗaukarsa maƙaryaci in ya ce ba shi ya yi wannan gyara ba.

Yana da gaskiya, na sani. Amma in na faɗa a zaure, Mama za ta gane 'yar autarta ce ta kalli fuskarta ta ga tana bukatar gyara. Kunya nake ji, da haushin kaina. Yaya zan yi?

Auta mai nadama

Wa alaikis salam, Auta.

Tausayi ne ya sa ki, ban musa ba, amma kin ɓata wa bawan Allah suna. Mai hoto da tambarinsa yake cin abinci, kuma ƙa'idar da kika taka an kafa ta ne don kare irin mahaifiyarki, kada wani ya yanke hukunci a kan fuskarta ba da saninta ba. Abin da ya nema bai yi yawa ba. Sai dai shi ma bai ce ki tozarta ta a gaban dangi ba, don haka ki je shagonsa da ƙafarki, ki ba shi haƙuri, ki roƙi ya ɗan ɗaga miki ƙafa har ki gana da ita.

Da Mama za ki fara, ku biyu a ɗaki. Kada ki yi kwana-kwana. Ki ce ke kika taɓa hoton, don kin ƙosa ki ga ta saki ranta, kuma kin yi kuskure. Mai yiwuwa ta yi fushi, mai yiwuwa ta yi kuka, ki zauna ki ɗauka. Ni dai ina zargin ta fi ki sanin fuskarta. Matar da ke wanke fuskar nan tata kullum ba hoto ne zai ruɗe ta ba, wataƙila don ta ga kuna murna ta biye muku.

Bayan nan ki goge hoton. A zaure ba sai kin ambaci bakinta ba, ki ce kin yi gyara a waya ba da izinin mai hoto ba, laifin naki ne. Gwaggonninki kuma su rungumi tumbinsu.

Sannan ki sa a wanko na asalin, babba, ki kai mata. In ta yarda a rataye a falo, to. In ta ƙi, hakkinta ne. Amma ki bari ta gan ki kina kallonsa ba tare da kin kau da ido ba, don abin da take jira daga gare ku ke nan tun ranar da ta baro asibiti.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Antinku