Ƙwallon Gola Ta San Hanya

Zuwa ga Maman Gola,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya ke da Gola da Auta, ina sanar da ke cewa ina rubuta takardar nan ƙafata ɗaya tana kan bokiti. Kada hankalinki ya tashi, targaɗe ne, kuma ni na saya da kuɗina.

Kin tuna sharaɗinki: ba za ki kwaso yara zuwa garin nan na kan dutse ba sai na samo unguwa mai makaranta kusa da wurin wasa. To, dillali ya kai ni wani gida can ƙololuwa. Ɗaki uku, iska kamar an biya ta, kuma ta taga ana hango firamare tar, har da tutarta. Na ce masa, "Ai nan ko atishawa Gola ya yi, malaminsu zai amsa." Ya ce, "Haka ne, Oga," yana kallon takalminsa. Nan take na kama gidan na wata guda.

Saura wurin wasa. A nan zan faɗi gaskiya: ƙwallon Gola ba ɓata ta yi ba, ni na jefa ta a jakata don in gwada ƙofar gida. Na ajiye ta a ƙasa, ko shurinta ban yi ba, ta kama hanya. Na bi ta. Maman Gola, mai tumbi ba ya tsere da ƙwallo a gangara. Ita ta wuce, ni lambatu ya karɓe ni.

Kada ki faɗa wa yaron tukuna. A gaishe da kowa.

Naki har kullum,
Baban Gola

*

Maigida,

Wa'alaikumus salam. Sannu da ƙafa, Allah Ya ƙara sauƙi.

Gola ne ya karanta mini takardarka, ka san idona da ƙananan rubutunka. Tun tafiyarka ya birkita gidan nan kaf yana neman ƙwallon, har ya ɗora wa Auta laifi ta sha kuka. Yanzu sai dai ya dubi hotonka ya girgiza kai.

Shekara da shekaru kana gyaran famfo, kana koya wa mutane cewa ruwa ba ya hawa tudu. Da ka je tudun kuma sai ka manta? Tambayata ɗaya ce: makarantar da ka hango ta taga, ka taka ka je? Ido ba ya haki, ƙafar Auta ce za ta yi.

Hutu ya kusa ƙarewa. In ba a samu wuri ba, zan mayar da su tsohuwar makarantarsu, kai kuma ka ci gaba da auren shayi da burodi sai baɗi.

Ka shafa man zafi.

Matarka

*

Maman Gola,

Sallama da ban haƙuri. Na taka. Ashe tsakanin tagar nan da makarantar akwai kwazazzabo wanda ko tsuntsu sai ya yi guzuri. Na fita da sassafe da sandata, na isa ana kaɗa ƙararrawar tara. Maigadin ya ba ni kujera da ruwa, ya tambaye ni ko daga asibiti na gudo.

Da zan koma na kasa hawa, sai na bi ta ƙasan kwarin. Nan na faɗa wata unguwa shimfiɗaɗɗiya kamar faranti. Titi a nan ya ƙare, mota ba ta ratsawa. Yara cike da fili, iyaye mata na zaune a ƙofar gida suna tsinkayarsu. Kuma me suke bugawa? Ƙwallonmu, da facin da na yi mata da robar famfo!

Na ce, "Yara, wannan tawa ce." Wata tsohuwa mai kanti ta ce, "Ɗana, duk abin da ya gangaro daga sama namu ne. Ƙwallo, bokiti, tayar mota. 'Yan haya ma haka muke samunsu, ga ka nan." Ta nuna mini gida kusa da nata, ɗaki biyu da tsakar gida, ga makaranta a bayansa. Wannan karon na je da ƙafa, har na taɓa bangon. Na ajiye lemo a tsakar gidan don gwaji, bai gangara ba, yana nan inda na bar shi.

Yaran sun ce ba za su ba ni ƙwallo ba, sai mai ita ya zo da kansa. Dama ba su da mai tsaron raga.

Dillali kuwa ya ce in yi haƙuri, ni na ce ana hangowa, shi bai ce ana zuwa ba.

Mai jiran hukunci,
Baban Gola

*

Baba,

Ina gaisuwa. Mama ta ce muna zuwa ranar Asabar. Ka ce wa yaran su riƙe ƙwallon, na yafe.

Auta ce ba ta yafe ba. Ta ce tunda saboda kai ta sha kuka, sai ka goya ta har gidan ƙololuwa ta leƙa tagar nan. Mama ta ce daidai ne, ai watan hayarka bai ƙare ba.

Ka ci gaba da shafa man zafi.

Ɗanka,
Gola