Marayun Cikin Kwamfuta

Litinin, 7 ga Oktoba

Manhajar ta gama aikin da na ɗora mata. Ƙwayoyin cutar da muka ɗebo daga tankunan ruwa, an riga an karanta gadon halittar kowacce harafi bayan harafi, saura rabon gida. Aikinta ke nan: ta ɗauki dubban ƙwayoyin gado, ta gwada wannan da waccan, waɗanda suka yi kama ta zuba su gida ɗaya. Na gindaya mata sharaɗi, sai kama ta kai kashi casa'in da biyar cikin ɗari. Gadon da kowace ƙwayar cuta ke da shi muna ce masa ginshiƙi. Wanda wasu ke da shi wasu babu, kayan aro. Sai waɗanda ba su yi kama da kowa ba, kowanne shi kaɗai a gidansa. Su ne marayu. Ba ni na raɗa musu ba, haka na tarar ana faɗa, har bakina ya saba.

Wannan karon sun yi yawa. Farfesa ya leƙo ta bayana, ya ce rabinsu shara ne, kuskuren na'urar da ke karanta gadon, in share su kafin mu zana rumbun gadon jinsin gaba ɗaya. Na ce to.

A gida na tarar Dunƙule, ƙaramar 'yar ƙanena, ta matse man shafawata cikin takalmi. Ban tambayi dalili ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Kawun yaran ya kira. Ya ce tun da hatsarin nan ya ɗauke ƙanena da ƙanwarsa ni kaɗai ke fama da Kurciya da Dunƙule, ga aiki, ga ba mataimaki. In na yarda, da an yi hutun makaranta ya zo ya ɗauke su, gidansa da yara, za su saje. Na ce, "Zan yi tunani."

Gaskiya sai da na ji wata iska ta ratsa ni. Shekaru ina zaune ni kaɗai, inda na ajiye kofi nan nake tarar da shi. Yanzu cokali ma sai an yi cigiya. Kurciya shekararta sha biyu, komai sai ta yi gardama, bakin ubanta sak. Dunƙule kuwa biyar, ba ta tafiya sai gudu. Ina son su, wannan ba a magana. Amma na gaji, kuma a nan dai zan iya faɗa.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na'urar sanyaya ɗakin kwamfutocin ta mutu. Mun wuni muna fifita da takardun Farfesa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ina yanka albasa Dogo ya kira, abokin aikina da ba ya sanin Asabar. Wai jadawalinsa ya ƙi daidaita da nawa. Na ce masa ai marayun nan ne ke dagula min komai, sun cika min wuri, nan da Juma'a zan cire su in huta. Ya yi dariya ya ce da ma Farfesa ya faɗa.

Da na juya na ga Kurciya a bakin ƙofar kicin riƙe da kofin shayina. Ta ajiye shi a kan firji ta fita. Na kira ta ta ɗauko min gishiri, ta kawo ba tare da ta ce "kullum ni" ba. Allah Ya sa hankali ne ya fara shigarta.

Talata, 15 ga Oktoba

Gidan ya yi tsit, har ina jin ƙarar firji. Kurciya ta wanke kwanuka ba a sa ta ba, ta goge takalmana, ta jera cokula manya daban ƙanana daban. Abinci kaɗan take zubawa, ta ce ta ƙoshi. Dunƙule ta fara waƙa a falo, na ji yayar ta ce mata, "Yi shiru, Goggo na aiki."

Abin da na daɗe ina roƙo ke nan. To me ya sa na kasa karanta layi ɗaya?

A ofis na fara duba marayun kafin in share. Wasu gajeru ne ƙwarai, kamar an datse su da almakashi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ina yi wa Dunƙule wanka da safe, kumfa a kanta, ido a rufe, ta ce, "Goggo, in kin cire mu ran Juma'a zan tafi da jan kofina?"

Na ce, "In cire ku daga ina?"

"Daga gidan. Yaya ta ce kin gaya wa mutumin waya marayu sun cika miki wuri."

Soson ya faɗi cikin bokiti. Na ɗauraye ta, na shafa mata mai, na sa mata kayan makaranta, duk ban san ina yi ba. Da suka fita na leƙa ƙarƙashin gadonsu. Jakar da suka zo da ita tana nan, cike, an zuge ta. Na buɗe. Kaya a ninke, hoton iyayensu a sama, jan kofin a gefe cikin safa don kada ya fashe.

Na zauna a ƙasa na yi kuka. Na makara a ofis, na ce cunkoso ne.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Jiya na kasa yi musu magana. Yau da suka dawo makaranta na ɗora kwamfutar a kan teburin cin abinci, na ce Kurciya ta jawo kujera. Ta zauna a bakin kujerar kamar baƙuwa.

Na nuna mata jadawalin. Ga gidaje, ga ginshiƙai, ga kayan aro. Na gangara ƙasa na nuna mata layin da aka rubuta marayu a kansa, dubu da wani abu. Na ce waɗannan nake nufi, haruffa ne kawai a cikin ƙwayar cuta, ba mutane ba. Na so in yi dariya don ita ma ta yi. Ba ta yi ba.

Ta daɗe tana kallon allon. Ta ce, "Wa ya ce ba su da kowa?"

Na ce manhaja.

"Ita wa ya gaya mata?"

Na nuna mata inda na rubuta casa'in da biyar. Na ce in kama ba ta kai nan ba, ba ta haɗa su. Ta gyaɗa kai. Na ɗauka an wuce wurin, har na kai hannu zan rufe kwamfutar, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Amma kin ce wa Kawu za ki yi tunani. Wannan ma ƙwayar cuta ce?"

Ashe shi ma ta ji. Gidan nan bangonsa kamar takarda.

Ban yi mata ƙarya ba. Na ce a'a, wannan ku ne. Na ce na gaji ne a ranar. Ta ce, "To ai mun daina gajiyar da ke." Ta tashi ta tafi wanke kofin da ba wanda ya sha komai a ciki.

Kuskuren waya na iya gyara shi da kwamfuta. Wannan ban san da me zan gyara ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ban share su ba. Na sauke sharaɗin zuwa kashi saba'in na sake sakin manhajar. Kafin azahar fiye da rabinsu sun sami gida. Gajerun nan ashe ƙwayar gado ɗaya ce ta karye biyu wajen karatu, kai a nan, wutsiya a can, kowanne ana lissafa shi maraya. Sai dai saba'in ɗin ma da nata haukan, ta cusa wasu gidan da ba su haɗa komai da shi ba. Dole in bi su ɗaya-ɗaya da ido.

Farfesa ya ce na mayar da aikin yini na mako. Na ce da mun share, da mun zana rumbun da giɓi a ciki. Ya tura gilashinsa sama, ya ce in yi abin da na ga dama amma kada in wuce ƙarshen wata.

Sauran da suka rage na canza musu suna a jadawali: waɗanda ba a gano danginsu ba tukuna. Dogo ya ce sunan ya fi layin tsawo, ya ɓata masa shafi. Na ce ya faɗaɗa shafin.

Yaran sun ga Juma'a ta wuce. Jakar tana nan a zuge.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na kai su wurin lilo. Dunƙule ta faɗi ta tashi ta sake faɗuwa. Kurciya ta riƙe min jaka duk yinin, na ce ta je ta yi wasa, ta ce ba komai. Wannan "ba komai" ɗin ya ishe ni. Na fi son bakin ubanta.

Laraba, 23 ga Oktoba

Kafinta ya zo auna ɗakinsu. Kantar ajiye kaya guda biyu da durowa. Da ma ɗakin yana bukata, ko da yara ko babu.

Ya tambayi tsayin da zai sa kantar, na ce ya tambayi mai ɗakin. Kurciya ta dube ni, ta dube shi, ta nuna da hannu. Ya ce nan gaba za ta yi tsawo, a ɗaga kaɗan? Na ce a ɗaga.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na kira Kawu. Da gangan na tsaya a kicin, ƙofa a buɗe, na ɗaga murya kamar mai magana da kurma. Na yi masa godiya, na ce su zo masa hutu mako guda ya dawo min da su, makarantarsu ta fi kusa da nan. Ya ce, "Yaya, makarantar ce kawai?" Na ce layin ba kyau.

Ban ji motsi a bayan ƙofa ba. Amma firji ma ai ba kullum ake jin sa ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Rumbun ya kammala, Farfesa ya ce ba laifi, wanda a bakinsa yabo ne babba. Waɗanda ba a gano danginsu ba tukuna sun rage ɗari da 'yan kai. Suna nan a fayil ɗinsu.

Da safe na nemi kofina sama da ƙasa, ashe Dunƙule ta shuka wake a ciki. Na leƙa ƙarƙashin gado neman takalminta, jakar tana nan, a buɗe, ba komai ciki sai safa ɗaya. Na ƙwala wa Kurciya kira ta zo ta wanke kwanukan jiya da ta bari. Daga ɗaki ta amsa, "Haba Goggo, kullum ni! Ita Dunƙule ba ta da hannu ne?" Har da buga ƙofa.

Na yi mata faɗa sosai, yarinya ba ta buga min ƙofa a gida. Ta wanke tana ƙunƙuni, ta bar maiƙo a tukunya.

Dogo ya ce me ya same ni yau nake ta waƙa a gaban kwamfuta. Na ce an gyara na'urar sanyi ne.