Sunan Maigida

Litinin, 19 ga Agusta

Kwana goma sha biyu da ruwan sama ya kayar mana da ɗaki a Balan, katanga ta danne maigidana Malam yana ƙoƙarin fito da buhun gero. Yau motar ƙaramar hukuma ta kawo mu Gaya, wani gida da aka kama haya saboda waɗanda ruwa ya raba da muhallinsu. Ni da Muslima da goyo. Mai takaba a bayan buɗaɗɗiyar mota, kowa na kallo. Na ja mayafi har hanci.

Laraba, 21 ga Agusta

An ce kuɗin da aka ware na iyali talatin ne kacal, na wata uku. Duk wanda bai shiga rajista ba zuwa Juma'a ta sama, sai ya tashi. Muka yi layi. Ma'aikacin, Muzammil suke ce masa, ko kai bai ɗago ba.

"Sunan maigida?"

Na ce, "Malam."

"Wane Malam? Baiwar Allah, rabin Gaya Malam ne."

Aka kwashe da dariya. Shekara tara ina gidansa ban taɓa kama sunansa ba. Haka Inna ta zauna da Baba har ta koma ga Allah. Ko asibiti na je, maƙwabciya ke faɗa a madadina. Nan kuwa babu ɗan Balan ko ɗaya, an kai su wani gidan. Katin shaidar Malam yana can cikin laka.

Ya miƙo biro. "To rubuta. Ki fara da marigayi."

Na iya rubutu, ga shi ina yi. Amma na ajiye masa bironsa na fita daga layi.

Alhamis, 22 ga Agusta

Ko ɗibar ruwa ban fita ba. Gani nake har yanzu dariya suke.

Asabar, 24 ga Agusta

Na ari waya na kira Yaya Maiwada a Toranke. Ya ce su ma a zaure suke kwana, su tara. Ya tambaya a Ajingi, ƙaramar hukumarsu, an ce gidan da ya rushe a ƙasar Gaya yake, can za a ɗauke ni.

"Ai dai an rubuta ki, Naja'atu?"

Na ce e.

Da na faɗa masa gaskiya, da ya kira sunan ta waya an gama. Ƙarya a cikin takaba. Astagfirullah.

Talata, 27 ga Agusta

Iya Hanne, tsohuwar da tabarmarta ke kusa da tamu, ta tsare ni ina dama koko.

"Ke 'yar nan, kunyar taki ce za ta tare wa yaran nan ruwa? Raɗa mini a kunne, ni in kai masa. Bakina ya riga ya tsufa."

Na matso, na buɗe baki. Kuka ne ya fito.

Ta ce, "Ni sai da na binne mazaje biyu na gane suna ba ya cizo."

Na koma kan damun kokona. Amma a nan zan faɗa: ba kunya ba ce kaɗai. Har yau in na ji ƙarar keke a ƙofa sai na gyara ɗankwali. Ranar da na haɗa sunansa da marigayi, to ya tabbata.

Alhamis, 29 ga Agusta

Wata mata mai yara biyar ta leƙo, tana auna lungunmu da ido. Ban ga laifinta ba. Da ta fita Muslima ta ce, "Umma, gobe gida za mu?"

Wane gidan?

Juma'a, 30 ga Agusta

Ni ce ta ashirin da tara. Iya Hanne ta karɓi goyo, ta tsaya a bayana kamar mai tsaron ɓarawo.

"Au, matar Malam ce," in ji Muzammil.

Na faɗa. Da marigayin da komai. Na yi niyyar ya fito a hankali, sai ya fito da ƙarfi har na ƙarshen layi suka ji. Ba wanda ya yi dariya. Muzammil ya ɗago kai, ya ajiye biro.

"Allah ya ji ƙansa, Yaya. Ki yafe mini."

Matan layi suka amsa da amin. Tun da muka zo Gaya, yau ne aka fara yi masa addu'a da sunansa. Ashe ni na hana.

Ɗaki na shida, mu da Iya Hanne.

Lahadi, 1 ga Satumba

An yi ruwa da safe, rufin bai yoyo ba. Muslima ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Ina wanki a bayan ɗaki, ba kowa, ba wanda ya tambaye ni, sai na ji na sake faɗar sunansa. Sau biyu. Allah ya sa Inna ta yafe mini.

Tukur.