Baba zai sayar da gida saboda bashin Tamsin

Grimsby, ranar Talata

Zuwa ga Yayana Clive,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Noreen da yara, kuma Allah ya sa gwiwar nan ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Na ji kuna kukan zafi a can Perth ta Ostareliya, to ban tausaya muku ba ko kaɗan. Maigidana Derek ya koma aiki, Anti Glenys kuwa an yi mata aikin ido, tana gani garau, har ta soma hango ƙurar da ke gidana. Na zaɓi rubutu ne don in na kira ka kuka zai hana ni magana, amma hoton takardar zan ɗauka in tura maka, saboda maganar ba za ta jira gidan waya ba.

Yaya, Baba zai sayar da gida. Ba wasa nake ba. Ranar Juma'a zai sa hannu.

Abin ya faro ne wata Lahadi da muka je cin abinci wajensa. 'Yata Tamsin, ka san ta da baki, ana cikin hira ta ce bashin karatunta yanzu ya fi yadda yake ranar da ta gama jami'a, kuɗin ruwa ya sa ya haura fam dubu sittin, wai shi kaɗai ne abin da ta mallaka mai haihuwa. Muka yi dariya. Duk sa'o'inta haka suke raha da nasu bashin, musamman irinta da suka karanta adabin Ingilishi suka dawo gida da ƙaramin albashi. Rabin mako tana ɗakin karatu na gari, rabi tana zuba wa mutane shayi, kuma ba ta taɓa kawo mini ƙorafi ba. Baba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ajiye cokali ya tambaye ta nawa ta ce, ta maimaita, bai sake taɓa abincin ba.

Mun yi masa bayani har bakinmu ya gaji. Mun ce masa wannan ba irin bashin da ya sani ba ne, na gwamnati ne. Ba a cirar mata ko sisi sai albashinta ya wuce wani mataki, kuma nata bai ko kusa ba. In shekara talatin ta cika, abin da ya rage a yafe. Ba mai zuwa ƙofarta, ba mai ɗaukar mata kujera. Ya saurara tsaf, sannan ya ce haka aka gaya wa mutanen layinmu lokacin da jiragen kamun kifi suka tsaya, maza suka rasa aiki, wai kada kowa ya damu, kuma da idonsa ya ga an fito da gadon maƙwabcinmu an ɗora a mota, matar tana tsaye da jariri. Wai mai bin ka bashi ba ya mantuwa, sai dai ya yi shiru. Ka san mutumin da ko firij bai saya ba sai da ya tara kuɗinsa cif.

Abin da ke cinsa na san shi. Tamsin aikin jinya ta yi niyyar karantawa don samun aiki, shi ya ce ta bi adabin da ranta ke so, shi da ya riƙa jan hannunta zuwa ɗakin karatu tun tana ƙarama, yana kiranta Farfesa. Yanzu cewa yake shi ya jefa yarinya a rami, shi zai fito da ita kafin ya mutu.

Sai ya kira masu sayen gida nan take, irin masu cusa talla ta ƙarƙashin ƙofa. Wani saurayi mai zaƙin baki ya zo, ya sha shayi, ya yaba furannin Mama, ya taya gidan a wulaƙance, kuɗin da ƙyar zai rufe bashin. Baba ya ce ya sallama. Ya riga ya duba wani ɗakin haya a saman shagon wanki, matakala a tsaye, ga mutumin da ke hutawa a tsakiyar tasa matakalar. In kuɗin nan ya shiga asusun bashin, Yaya, ba ya dawowa. Gidan da muka tashi a ciki zai tafi don biyan abin da wataƙila ba za a taɓa nema ba. Kuma Tamsin ba ta da ikon hanawa, don kowa na iya biya in yana da lambar asusun nata, ita ce kuwa ta ba shi tun tana makaranta don ya adana mata.

Yarinyar nan ta rame. Da ta rasa dabara sai ta shirga masa ƙarya, wai ta samu babban aiki a Landan, za ta biya da kanta. Ya rungume ta, ya ce to ai yanzu ne ma ya kamata a yi sauri, kafin su soma yankar mata albashi. Da ta fashe da kuka ta ce in ya yi haka ba za ta sake taka gidansa ba, sai ya yi dariya ya ce Farfesa da hankalinta, wane gidan kuma?

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne farin cikinsa. Jiya na same shi yana fito, yana sauke labule, ya yi aski, ya ci abinci har da ƙari. Tun rasuwar Mama ban gan shi haka ba. Likitansa ya ce hankalinsa ƙalau, gida nasa ne, ba mai hana shi. Ni ya maishe ni yarinya, Derek kuwa suruki ne, ya ja bakinsa. Kai ne babba, kai kaɗai yake jin nauyi. Don Allah ka kira shi, kada ka yi masa faɗa, kada kuma ka soma da lissafi, mun gwada.

Ka gaida mini Noreen ƙwarai, da Jarrod da matarsa, da Kirsty, ka ce mata na ga hoton jaririn, Allah ya raya. Derek da Anti Glenys suna gaisuwa. Tamsin ta ce in gaya wa Kawu ya yafe mata, na ce ba ta yi wa kowa laifi ba, ba ta yarda ba.

Da zan fito jiya, Baba ya ce ana buƙatar shaida ranar Juma'a, yana so ya zama ni ce, in ba zan iya ba zai roƙi wani a layi. Na ce masa sai na yi tunani. Amma gara in gaya maka gaskiya: in ba ka tsayar da shi ba, zan je. Ba zan bar tsohon nan ya rabu da gidansa a tsakanin baƙi ba. Sunana zai zauna a ƙarƙashin nasa.

Taka ƙanwa mai jiran kiranka,
Lorraine